Agogon Baba Ummaru da Sabuwar Waya

A duk shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin asibitinmu na Gwandu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Alhamis cikin damina, ranar da wani dattijo ya bar mini wayarsa da agogonsa mai auna bugun zuciya. Ku da kuka fara aiki kwanan nan nake son ku ji labarin, domin yanzu da wuya mako ya wuce wani bai shigo da irin agogon nan a hannu ya ce a duba masa ba.

A lokacin ni ƙaramar jami'ar lafiya ce. Shugabarmu Sista Rifkatu ce, mutuniyar Zuru, wadda ta daɗe a garin har yara suna kiranta Inna. Likita daga Birnin Kebbi yake zuwa, ranar Litinin kawai. Alhamis ita ce ranar masu hawan jini. Aikina in auna jini, in ƙirga bugun zuciya, in rubuta a kati, Sista ta ba da magani yadda likita ya tsara. Abin da ya fi ƙarfinmu mu buga masa waya.

Cikin masu zuwa akwai Baba Ummaru, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi ya koma noma a Masama. Ɗansa Bello yana aikin ofis a Kalgo, shi ya saya masa agogon hannu mai auna bugun zuciya. Likita ya ji daɗin hakan, saboda ƙwayar da ya ɗora Baba a kai tana rage gudun zuciya, kuma ya ƙara masa ƙarfinta. Ya ce yana son ganin abin da agogon ya tara kafin Litinin.

Matsalar ita ce tsohuwar wayar Baba ta faɗa ruwa a fadama, Bello kuma ya aiko masa da sabuwa ta wani kamfani daban da na agogon. Ga wanda bai sani ba, agogon ba ya magana kai tsaye da manhajar lafiya da ke zuwa cikin irin wannan waya. Sai an sauko da manhajar kamfanin agogon, an shiga da tsohon asusun, an haɗa su ta bulutut, wato haɗin da ba ya buƙatar igiya, sannan a ba ta izini ta riƙa zuba abin da ta tara cikin manhajar lafiya ta wayar. Akwai kuma wurin da za a zaɓa ko a kwaso har bayanan baya. In aka yi garaje aka mayar da agogon sabo, duk abin da bai riga ya aika ba ya tafi ke nan. Da yake ni ce ake ganin na ɗan iya waya a asibitin, aikin ya faɗo kaina.

Na auna Baba da safen nan, komai lafiya. Sista ta ba shi sabon magani, ko da yake ta yi masa faɗa cewa ya zo kafin lokaci, ya ce wasu ƙwayoyin sun salwanta. Bello ya faɗa mini kalmar sirri ta waya, na haɗa komai. Amma hadari ya haɗu, sabis ya yi rauni, abin yana ta juyawa ba ya ƙarewa. Baba ya gaji da zama, ya ce yana da 'yan ƙwadago a gona. Ya kwance agogon ya ajiye mini tare da wayar, ya ce zai aiko a karɓa gobe. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Sai wajen azahar, bayan layi ya ragu, na duba na ga an gama. Na buɗe wurin bugun zuciya. Manhajar tana nuna shi ne da layi mai hawa da sauka, rana bayan rana. Da safe layin yana inda ya kamata, saba'in da ɗan wani abu. Amma daga bayan azahar zuwa la'asar sai ya gangara ƙasa, ya wuce hamsin, wani lokaci ya faɗa ƙasa da arba'in. Ba rana ɗaya ba. Na ja baya mako bayan mako, abin yana nan, kuma kwanakin baya-bayan nan sun fi muni. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, bugunsa bai kamata ya sauka ƙasa da sittin sosai ba, balle dattijon da ke tsakiyar gona.

Tunanin da na fara yi shi ne ni na ɓata wani abu wajen haɗawa. Na ɗaura agogon a hannuna, na sa yatsu na ƙirga nawa bugun, ya zo daidai da abin da wayar ta nuna. Na kira Bello na tambaye shi ko ya taɓa amfani da asusun da wani agogon, ya ce sam, don mahaifinsa kaɗai ya buɗe shi. Daga nan na kai wa Sista. Ta duba, sannan ta kira likita ta karanta masa. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Ya ce kada Baba ya ƙara haɗiyar ƙwayar nan ko guda, kada ya hau babur, a kawo shi Birnin Kebbi yau.

Sista ta ajiye waya ta dube ni, ta ce, "Hadiza, ƙwayoyin da ya ce sun salwanta, shanye su yake yi. Kuma yanzun nan muka cika masa aljihu da wasu."

Na zaro wayata da sauri na buga lambar Baba. Wayarsa ta yi ƙara a ɗaya hannun nawa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Mutumin yana can da maganin da zai iya tsayar masa da zuciya, lokacin da layin nan ke faɗuwa kullum ya yi, ga agogonsa ga wayarsa duk suna wurina. Bello ya gwada lambobin maƙwabta biyu a Masama, ba sa shiga. Mahaifiyarsa ba ta da waya. Ya ce zai ari mota ya taso daga Kalgo, amma tsakaninsu da nisa. Sista ba za ta iya barin asibiti ba. Ta sa mini abin awon jini a jaka, ta tsayar da ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, a bakin ƙofa, ta ce in je, kuma duk abin da na tarar in neme ta.

An yi ruwa daren jiya, hanyar duk taɓo. Ni dai idona yana gefen hanya, kowane kwari sai na leƙa, kowane babur da ke jingine sai na ƙura masa ido. A wani wuri muka hango mutane sun taru a kan babur kwance. Na riƙe rigar ɗan kabu-kabun har ya waiwayo. Da muka matso, buhunan taki ne suka kayar da wani saurayi, ana taya shi ɗagawa. Muka wuce. Bakina yana ta addu'a, zuciyata kuma tana tsara yadda zan faɗa wa Bello.

Muka tambayi gonar aka nuna mana. Na sauka ina gudu cikin kunyoyin gero, sai ga Baba Ummaru tsaye da fartanya a kafaɗa yana yi wa 'yan ƙwadago tsiya. Ya gan ni ya buɗe baki.

"Ɗiyata, lafiya? Mi ya kawo ki har nan?"

Na zaunar da shi a gindin itace na kama hannunsa. Bugu mai ƙarfi, daidai, babu abin da ya same shi. Na sake ƙirgawa, na auna jini, duk lafiya. Maimakon in ji sanyi sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Na tambaye shi ƙwaya nawa yake sha, ya rantse guda ɗaya ce da safe kamar yadda aka ce masa. Na nuna masa layin a wayar, na ce ga abin da zuciyarsa ke yi kullum bayan azahar. Ya ƙura ido, bai gane zanen ba, amma ya gane lokacin. Ya yi dariya ya ce ai da azahar ba shi ke ɗaure da agogon ba. In ya kwance zai yi alwala ba ya mayarwa, don zufa na sa ya yi masa ƙaiƙayi. Matarsa, Inna Hajo, ita ke ɗaurawa har dare, tana son yadda yake haske yana nuna mata lokacin salla.

Na ce, "Baba, ƙwayoyin da suka salwanta fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai ya ce ciwon kai ke damunta tun bara, in ta gama girkin rana. Ya ga shi maganin ya yi masa amfani, sai ya ce ta riƙa sha. Da guda ta daina yi mata sai ta koma biyu. Yau ma da ya dawo ita ya miƙa wa ledar, kuma tun safe take kukan kai.

Ban jira ya ƙarasa ba. Muka hau babura biyu muka nufi gida. Sallama uku ba a amsa ba. Tukunya tana kan murhu wuta ta mutu, kaji suna cin tsaba a faifai ba mai kora. Muka same ta a bayan rumbu, zaune a ƙasa ta jingina da turmi, ledar maganin a cinyarta. Jikinta sanyi ƙalau, zufa na tsattsafo mata. Ta ce ta tashi ne ta ga duhu, sai ta zauna ya wuce. Na kama hannunta. Bugu ɗaya, sai shiru, shirun da har sai na ɗauka ba wani mai zuwa, sannan wani ya zo. A aikina ban taɓa riƙe hannu irin wannan ba.

Ba ni da allurar da zan yi mata, kuma ko da akwai, matsayina bai kai ba. Na kwantar da ita na ɗaga ƙafafunta a kan buhu, na karɓe ledar, na sa Baba ya riƙa yi mata magana kada ta yi barci. Na fita na hau wani tudu a bayan gida inda sabis ke ɗan kamawa, na samu Sista. Ta ce kada in biyo ta asibitinmu, ɓata lokaci ne, in nufi hanyar Birnin Kebbi, za ta sanar da likita da Bello. Wani maƙwabci mai a-kori-kura ya fito da motarsa, muka shimfiɗa katifa a baya. Na zauna na ɗora kanta a cinyata, yatsuna a wuyan hannunta. Duk ramin da muka faɗa sai bugun ya ɓace mini, in yi ta lalube har in same shi. Ta buɗe ido sau ɗaya ta tambayi wa zai ƙarasa tuwon. Baba ya juya fuskarsa gefe.

A Kambaza muka haɗu da Bello. Ya taho da shirin ɗaukar mahaifinsa, sai ya ga mahaifin tsaye, uwar a kwance. Nan da nan muka mayar da ita motarsa. Likita yana jiranmu a ƙofar babban asibiti. Sai da suka shiga da ita na lura yatsuna sun sandare, na kasa miƙe su.

Muna zaune a baranda Baba ya matso kusa da ni. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗiyata, gaya min gaskiya. Ni na kusa kashe ta?"

Na ce masa maganin ne bai dace da jikinta ba, shi kuma taimakonta ya yi niyya. Ya gyaɗa kai.

Allah ya sa kwananta na gaba. Ta yi 'yan kwanaki a kwance, ƙwayar ta fita jikinta, bugun ya dawo. Aka gano ita ma tana da hawan jini, shi ke kawo ciwon kan, aka ba ta wani magani daban wanda ya dace da ita.

Abin da na koya ranar ba na haɗa agogo da waya ba ne, wannan kowa zai iya in an nuna masa. Agogo hannu ya sani, bai san suna ba, kuma sunan da ke kan asusu ba ya gaya maka hannun wa aka auna. Mutanenmu ba su saba riƙe abu mai amfani su kaɗai ba. In miji ya ji daɗin magani zai ba matarsa, in uwa ta samu sauƙi za ta ɗiba wa maƙwabciya, kuma a wurinsu kulawa ce, ba ganganci ba. Faɗa ba ya hana wannan, sai dai ya sa su ce ƙwaya ta salwanta. Shi ya sa duk wanda ya miƙo mini waya in duba masa bugun zuciya, kafin in kalli layin nakan tambaye shi wa ke taya shi ɗaura agogon. Duk wanda maganinsa ya ƙare da wuri kuma, nakan sassauta murya in tambaye shi waye ba shi da lafiya a gida. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amsar takan zo da sunan wata mata da ba ta taɓa taka ƙofar asibitin nan ba.