Gatarin Bafaden Koriya

A Kuala Lumpur na yi bincike kan wani bafaden Koriya na zamanin da. In zai gaya wa sarki gaskiya, sai ya durƙusa a ƙofar fada da gatari a gefensa, wato in ƙarya ya yi, a sare kansa.

Wata rana a taron ƙungiyarmu ta ɗaliban Nijeriya a Danau Kota, shugaba ya ce daga yau mata su riƙa aiko da ra'ayinsu ta bakin mazajensu. Na miƙe.

Ya ce, "Malama, zauna mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan zauna ba. Gatari ne ban samu ba, amma ga wuyana na zo da shi."