Gayan Tuwon Inna

A daminar da na shiga aji huɗu, wata ranar Laraba da hantsi, Inna ta faɗi a bakin turmi. Muna surfen dawa ne ni da ita a tsakar gidanmu, can ƙauyenmu a ƙasar Kuyello. Na ji bugun taɓaryarta yana raguwa, kafin in ɗaga kai ta sulale ƙasa, dawar ta watse, kaji suka yo ca a kai. Ihuna ne ya sa maƙwabciyarmu Maman Ladi ta tsallako danga da gudu, ta yayyafa mata ruwa, ta aika a kira Baba daga gona.

Gidanmu ba gidan yunwa ba ne. Rumbunanmu biyu ne, na dawa da na masara, kuma ko a tsakiyar damina ba a ganin ƙasansu. Da safe koko ko ɗumame, da rana faten tsaki a kai wa masu noma a bakin daji, da yamma tuwo. Baba kan ce, "Wanda bai ci tuwo ba, fartanya ce za ta ɗauke shi." Abin da ke ƙaranci shi ne mahaɗi: wake, busasshen kifi, nonon da matan ruga kan kawo, da ƙwai in kaza ta yi kirki. Inna ke rabo. Ta zuba wa Baba, ta zuba mana mu yara biyar, ita kuma ta gutsuri malmala ta koma gefen murhu ta ci gaya, wani lokaci da ɗan ruwan miya. Ni na fi kowa son wake. In na dawo daga gaɗa a dandali ko korar tsuntsaye a gona, sai in miƙa kwano in ce a ƙara, ta kuwa kankare tukunya ta ba ni. Ban taɓa tambayar na waye take ba ni ba.

A kan mashin aka kai ta asibitin gari, ni ma aka tafi da ni don in riƙe jaririn da take shayarwa. Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonta, ta duba tafin hannunta, ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, me take ci? Baba ya ce, "Tuwo mana, ba ta taɓa kwana da yunwa ba." Matar ta ce hatsi ƙarfin aiki yake bayarwa, amma mai shayarwa ba za ta rayu a kansa shi kaɗai ba, sai da wake da ganye da kifi. Baba bai san gaya take ci ba. Ni kuwa na sani.

Inna ta warke, amma ba ta sake iya wuni a gona ba. Yanzu tana zaune a cikin Birnin Gwari wurin ƙanena, tunda gonakinmu na bakin daji sun gagari shiga saboda 'yan bindiga. Ni ina Kaduna, 'ya'yana na ture wake gefe suna neman taliya. Duk wata nakan aika mata da wake da kifi, ƙanena kuma ya kira ya ce ta rarraba wa maƙwabtan da suka gudo daga ƙauye. Ina so in yi mata faɗa, bakina ba ya iyawa.

Wanda ake cika wa kwano bai cika leƙa na mai rabo ba.