Dokta Moumouni, Mai Jera 'Yan Rawa

Yayana Moumouni ne ɗan Zongon Lome na farko da na san ya dawo daga Faransa da digirin dokta. Ba dokta na asibiti ba, abin da ya ɓata wa tsohuwarmu rai ke nan. Iliminsa na tsara aiki ne: wa ke ƙarƙashin wa, me ke sa ma'aikata ta tafi daidai. Ni Barakatu, mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, nakan tsokane shi in ce shekara takwas ya ɓata yana koyon abin da kowace mai tebur ta sani. Burinsa ɗaya ne, ya yi ta koyarwa har ya zama farfesa.

Yana shekara ta uku da fara koyarwa a wata babbar makaranta aka tura shi wani kamfanin gwamnati ya binciko abin da ke hana aiki tafiya. Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma kowace ma'aikata tana da 'yan animasiyo, masu sa anko suna rawa da waƙar yabon shugaban ƙasa. Yaya ya yi wata biyu a can da agogo a hannu. Ya rubuta cewa sau uku a mako ana kashe injina da azahar a tafi gwajin rawa, gara a mai da gwajin Asabar.

Na ce, "Yaya, cire wannan. Ka ce injinan ne suka tsufa."

Ya ce, "Mais non, a'a Barakatu, ai ban ce a daina ba. Rana kawai na canja."

Duk iliminsa! Ba a kama shi ba, ko tsawa ba a yi masa ba. Takardar yabo aka aiko: tunda ya ƙware a sha'anin animasiyo, an ɗauke shi daga aji, an ba shi shugabancin 'yan rawar ma'aikatu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya iya aikin. Yaya ba ya iya ganin abu a hargitse ya ƙyale. Ya raba mutum ɗari shida rukuni-rukuni, kowa ya san inda ƙafarsa za ta sauka. Duk shekara yakan rubuta yana roƙon a mai da shi aji, duk shekara a amsa masa cewa ba shi da madadi. Na ce ya ɓata rawar ko sau ɗaya ne, su kore shi. Ya ce ya gwada, ya kasa.

Shekara goma sha huɗu yana haka. Da mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙare aka daina rawar, ya ɗauki takardunsa ya koma makarantar. Amidu, wanda Yaya ya koyar da shi a shekarar farko, shi ne shugaban sashe yanzu. Ya tarbe shi da ladabi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ka daɗe ba ka wallafa komai ba, kuma ɗalibai ba za su zauna a gaban mutumin jam'iyya ba."

Yaya ya ce, "Gaskiya ne." Ya tattara takardunsa ya fito. Shekararsa hamsin.