Ƙwaryar Taubashi

Amya tara gare ni a kan gawo da tsamiya, bayan garinmu, hanyar Mallawa. Ni ke saƙa su, in shafe da kashin shanu, in turara, in rataye. Na ga fari, na ga fara, zuma ba ta taɓa guduna ba.

Wata damina taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga kasuwa da famfon goyo da kwalbar maganin ƙwari. Gonar wakensa tana gindin itatuwana. Kullum da hantsi sai ya yi feshi, daidai lokacin da fure ya buɗe, zuma na ciki tana kwasar garinsa.

Ba a yi mako ba na fara tsintar su a ƙasa, ƙafafunsu ɗauke da garin nan ruwan ɗorawa. Wadda ta kai gida kuwa, da shi take ciyar da 'ya'ya, su ma su mutu. Har zanzaro ya ɗauke ƙafa. Amya takwas suka yi tsit. Saura ɗaya.

Duk shekara nakan kai masa zuma a ƙwarya, rufe da faifai. Ran nan na ɗauki ƙwaryar, na same shi a ƙofar gida.

"Bawana ya kawo gaisuwa da wuri! Uwargida, dama fura!"

Ya ɗaga faifai. Matattun zuma ne fal.

"Kai, wannan wane iskanci ne?"

"Girbinka ne. Sha."

"Ni tsutsa nake kashewa, ba danginka ba."

"Maganin nan karatun lakwal ya yi, da zai san tsutsa?"

Uwargida ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Shi dai ya tsura wa ƙwaryar ido.

"To in bar tsutsa ta cinye waken?"

"Furen wake na safe ne, rana na yi ya rufe. Ka bari sai la'asar sakaliya, zuma ta koma gida."

Ya yi ta mita, wai zuma ta zama shefu, shugabarsa, har tana yanka masa lokacin aiki. Amma washegari da hantsi ban ji famfo ba.

Amyar nan ta rayu. Da sanyi ta yi 'ya'ya, suka shiga wasu amya biyu.

Da na yi ɗiba na kai masa ƙwarya. Ya ja da baya, ya sa sanda ya ture faifan.