Kunyar Yelwa Mai Ɗanwake

A shekarar 1957 na fara ganin Yelwa, makon da na kama aikin akawu a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai. Na fito daga makarantar mishan da gajeren wando da doguwar safa, ban san kowa a Kano ba. A lokacin Bompai ba ta cika ba. Tsakanin kamfani da kamfani gonakin dawa ne, kuma ƙamshin gyaɗa yakan tare mutum tun daga nesa, ya bi shi har gida a jikin riga.

Tana zama a gindin wata tsamiya dab da ƙofar kamfanin, tana sakin ɗanwake. Daga Dakata take zuwa kowace safiya. Mijinta, Malam Isyaku, manomi ne har zuwa lokacin da aka auna gonarsa cikin filin kamfanoni. Daga nan ya koma ɗinkin buhunan da suka yage, a wata rumfa cikin harabar.

Ranar farko ina cin ɗanwakena sai ga wani ƙato cikin 'yan dako, da ƙugiyar jan buhu rataye a kafaɗa. Bai yi mata magana ba, ita ma ta kawar da kai, ta tura masa kwano da gefen hannu. Na ɗauka gaba suke yi. Na tambayi Garba, shugaban leburori, ya yi dariya har ya ƙware.

"Akawu, a makarantar taku ba a koya muku wannan ba? Muntari ke nan, ɗanta na fari."

Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a wurina, amma ban taɓa ganin mai riƙe ta kamar Yelwa ba. Ba ta faɗin sunansa, "mutumin nan" take cewa. In baƙo ya tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban haife shi ba," kowa ya yi murmushi, don an san amsar ke nan. Shi kuma Yaya yake ce mata. Ƙanen Malam Isyaku ne ya rene shi tun daga yaye, shi ne mai yi masa faɗa, shi ya yi masa aure, kuma ya rasu kafin zuwana.

Duk abin da ta hana ɗan, jikoki ta ba. Su biyu ne, Ma'u da ƙanenta Bala. Tun Bala na goye take tsokanarsa. "Ga mijin nawa, ba cefane, ba zane, sai ci. Gobe zan kai ka gaban alƙali."

Wajen 1961 ƙwaya ta shigo Bompai. Direbobin manyan motoci ne suka fara kawo ta, 'yar fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. 'Yan dako a kan yawan buhu ake biyansu, wanda ya haɗiyi ɗaya kuwa sai ya yini yana gudu da buhu bai san gajiya ba. Muntari ya fara da ɗaya. Shekara ba ta zagayo ba sai da ya koma ba ya iya ɗaga buhu sai da ita, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana taune leɓe yana magana shi kaɗai. Matarsa Hansatu ta gaji da duka, ta kai ƙara aka raba auren, ta yi wani auren a Zawaciki. Yara suka zauna gidan uba, wato a ɗakin Yelwa.

Ba wanda ya rage da bakin yi masa faɗa. Malam Isyaku yakan aika a gaya masa ya ji tsoron Allah, alhali tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Muntari ya sayar da akuyoyin gidan, ya sayar da ƙyauren ɗakinsa, ya kwashe dawar da ke rumbu. Rannan ya ɗauke tukunyar ɗanwaken kanta, Yelwa ta yi kwanaki tana aron ta maƙwabta. Wasan kaka da jika ya ƙare. Ita ce mai tsawa yanzu, ita ce mai wanki da kai yara makarantar allo, ga ƙafa ta fara ciwo.

Bala yana ɗan shekara biyar ya laluba aljihun rigar ubansa ya sami abin da ya zaci alewa ce, ya haɗiye. Ya yini yana karkarwa, idanu a waje, Yelwa na danne da shi tana ɗura masa madara. Da Muntari ya dawo ya tarar ƙwayoyinsa sun ragu, sai ya fizgo yaron daga cinyarta ya mare shi. Bala ya rayu, amma tun daga ranar yake in'ina.

Da damina ta 1964 Muntari ya tsaya a tsakar gida ya ce zai tafi da Ma'u. Ya yi magana da wata mai gidan giya a Sabon Gari, tana son yarinyar wanke-wanke, za ta riƙa ba shi abin da yake bukata. Ma'u shekararta goma. Yelwa ta je wurin mai unguwa, Alhassan, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan zai kai yarinya inda ba za ta dawo mutum ba."

"Iya, na ji," in ji shi. "To amma uba ya fi kaka iko. Sai dai a ba shi haƙuri."

Aka ba shi haƙuri, ya ce ranar Asabar zai kai ta.

Ranar Alhamis da hantsi abin ya faru, a gabana. Muntari ya kwana uku bai runtsa ba. Yana cikin layin dako sai ya jefar da buhu ya ce akwai mutane a ciki suna kiran sunansa. Wani ɗan dako ya yi dariya, sai Muntari ya kai masa sara da ƙugiya a dantse. Aka taru aka danne Muntari, aka ɗaure da igiyar buhu, aka kira 'yan sanda. Suka fito da shi ƙofa, suka zaunar da shi cikin taɓo, taku kaɗan daga tukunyar Yelwa. Malam Isyaku ba ya nan, ya tafi gari sayen zare.

Sajen da ya zo baƙo ne daga kudu, sabon zuwa, Hausarsa ta bariki. Mutumin kirki ne, bai so tafiya da shi ba. Raunin bai yi zurfi ba, wanda aka sara ya ce ya yafe. Saje ya ce in akwai uwa ko uba da zai tsaya masa, a tafi da shi gida a kula da shi. In babu, gidan da ake tsare mahaukata za a kai shi. Wani ya nuna Yelwa.

"Mama," in ji saje, "wannan yaro, naka ne?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. Na lura da wannan, don ban taɓa ganin ta faɗi maganar kanta a ɗage ba.

"Ni ban haife shi ba."

Wasu suka yi 'yar dariya. Garba ya matso. "Saje, tsaya in yi maka bayani, a wurinmu ɗan fari..."

"Garba," ta ce, "ɗanwakenka na hucewa."

Garba ya dube ta, ta dube shi. Ya ja da baya. Dariyar ta ɗauke.

Saje ya sake tambaya, a hankali, don kada a ce bai ji ba. "Ba ka san shi?"

"Yakan ci abinci a nan. Kowa ma yana ci."

Sai Muntari ya ɗago. Hankalinsa ya dawo daidai lokacin da bai kamata ba. "Yaya, wasa take yi, saje. Yaya, gaya masa." Ta ɗauki cokali ta shiga tsame ɗanwake. "Inna," ya ce, kuma ban taɓa jin ya kira ta haka ba. "Inna, ni ne fa. Na fasa kai ta. Wallahi na fasa."

Ma'u na tsugune tana wanke kwanuka. Yelwa ta kama kan yarinyar ta juya shi wajen tsamiya. Aka jefa Muntari a mota yana kira, har motar ta sha kwana muna jin muryarsa.

Da Malam Isyaku ya dawo aka gaya masa, ya zo ya tsaya a kanta da zaren a hannu.

"An ce kunya ce ta sa ki kuskure."

"Ba kuskure ba ne, Malam. In ka je ka karɓo shi, ranar Asabar kai za ka raka ta Sabon Gari."

Bai je ba. Amma bai ƙara cin abin da ta dafa ba har ya rasu bayan shekara biyu. A gidan maƙwabci yake cin tuwo, kowa na gani. 'Yan dako da yawa suka koma wurin wata mai dafa-duka. A Dakata mata suka daina aiko mata da goron biki. Ta ci gaba da zuwa gindin tsamiya da rabin garin da ta saba kwaɓawa, yaran biyu na biye da ita. Ba wanda ya ƙara zuwa ɗaukar Ma'u. Bala kuwa yara suka gaya masa a wurin wasa cewa kakarsa ce ta ba da ubansa, tun daga nan in ta ce masa mijina sai ya tashi ya bar wurin.

A 1969 kamfaninmu ya ɗauki sabon mai gadi, Haruna. Na lura ba ya bi ta gaban tsamiya, zagayawa yake yi. Na tambaye shi dalili, ya ce a da gadi yake yi a gidan da aka tsare Muntari, kuma ya san tsohuwar.

Kowace Juma'a, in ji shi, takan zo a ƙasa da babbar ƙwarya cike da ɗanwake, da mai da yaji. Ba za ta iya cewa na wane ne ba, ga shi ta riga ta ce ba ta da kowa a ciki, don haka sai ta dafa na mutum talatin. Ta ajiye a ƙofa ta ce sadaka ce, a ba duk wanda ke ciki, kada a tsallake kowa. Muntari bai kai ƙarshen sanyin shekarar farko ba ya rasu. Tun da ba shi da kowa, ba a aika wa kowa ba. Masu gadi ma ba su gaya mata ba, don ɗanwaken na da daɗi.

Na ce, ashe duk shekarun nan ba ta sani ba.

Haruna ya ce, "Wata Juma'a an fito da su shan rana, ta ga rigar da aka kawo Muntari da ita a jikin wani. Ta tsaya tana kallo. Na ce a raina yau za ta tambaya. Sai ta ce min, ka tabbata wancan mai rigar ya samu. Juma'ar da ta biyo ta dawo da ƙwaryarta, har yanzu kuma ba ta fasa ba."