Ƙanin Kowa

A garejin fentin motoci Ƙanin Kowa ake ce masa, alhali ban da maigidan wurin, babu wanda ya kai shi shekaru. Dogo ne, hannayensa har sun so su yi masa yawa, fuskarsa sumul babu ko silin gashi. In ya ɗaga waya, mai mota kan ce, "Yarinya, ba babanki wayar." Tuni ya daina gyara musu. Sai ya ce, "Faɗi, zan gaya masa."

Shi ake turawa ɗakin feshi, domin tunda aka haife shi hancinsa bai taɓa jin wari ko ƙamshi ba. Sauran su fito suna tari da hawaye, shi ya fito yana tambayar wace mota ce ta gaba.

Lokacin da sa'o'insa suka fara gemu, mahaifiyarsa cewa take, "Ku ƙyale min ɗa, a hankali yake tafiya." Ta jiƙa saiwoyi iri-iri, ya sha. Ƙaninsa ya yi aure, ya haifi huɗu. Ita kuwa har ta rasu tana jira.

Akwai wata mai ɗinki a tsallaken titi da suka daɗe suna raha. Wata rana ta ajiye almakashi ta dube shi. "Kai wai ba ka da abin da za ka gaya min ne?" Ya tsaya yana kankare fentin da ke farcensa, can ya ce, "Ki gaida gida." Kafin shekara ta zagayo ta yi aure.

Yana da arba'in da ɗaya ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, faɗuwar da ba ta kai a ce sannu ba, amma wuyan hannunsa ya karye. A asibiti, wata likita ta daɗe tana duban hoton ƙashin, sannan ta dube shi.

"Malam, ƙashin nan kamar na ɗan saba'in. Ka taɓa aske gemu?"

"A'a."

"Kana jin ƙamshi?"

Ya girgiza kai. Ba wanda ya taɓa haɗa masa waɗannan biyun.

Bayan gwajin jini ta zaunar da shi. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan sinadarai masu kai saƙo. In yaro ya kai sha biyu ko sha uku, wannan ya taɓa wancan, wancan ya umarci jiki ya fara balaga. Ƙwayoyin da ke aika umarnin kuwa, tun ɗa yana ciki suke bin hanya ɗaya da jijiyoyin jin ƙamshi kafin su isa mazauninsu. Nasa ba su isa ba.

"Akwai magani?"

"Akwai allura."

"Sabuwa ce?"

Ta ce, "Tun kana yaro akwai ta."

Ya tambayi batun haihuwa. Ta ce wannan wata doguwar hanya ce daban, ba a nan ake yi ba, kuma ba za ta yi masa alkawari ba.

Ya fara allurar. Wata huɗu, ƙuraje suka feso masa, muryarsa ta riƙa karyewa a tsakiyar magana. Abokan aiki suka sayo masa reza, suka miƙa masa da hannu biyu suna rusunawa. Ya taya su dariya. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, jikinsa ya fara son abin da a da labarinsa kawai yake ji. Ya kan hango mai ɗinkin tana koya wa babbar 'yarta taka keken ɗinki. A da bai san girman abin da ya wuce shi ba. Yanzu ya sani.

Aka yi wa likitar canjin wurin aiki. Allurar ma ta yanke. Sau uku yana bin layi ana ce masa ya dawo wani watan, daga nan bai sake komawa ba. Hannun bai koma daidai ba, ba ya iya riƙe abin feshi, sai aka mayar da shi liƙa tsofaffin jaridu a gilasan motoci.

Ranar da ƙaninsa ya biyo ta garejin, ya tambaye shi, "Yaya, ya batun allura?"

"Na gama."

"Alhamdu lillahi! Ka ga har gashin baki ya fito."

Ya ce masa haka ne, ya yage wata jaridar ya ci gaba da liƙi.