Saƙon da Na Ce Bai Zo Ba

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da na jawo mata ta ishe ta. Amma ku samari da 'yan mata masu neman shiga makarantun gaba da sakandare, ku tsaya ku ji. Musamman ku da Allah ya ba ku hannu a kwamfuta, har kuke ganin duk wanda bai iya ba baƙauye ne. Ni ma haka na kasance, kuma har gobe in na tuna da wancan yaron sai in ji kamar in shaƙe shi.

A Mubi aka haife ni, a Mubi aka haifi babana. Kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina da sana'ar dukanci, ya zauna bai koma ba. Na taso da ƙoƙari a makaranta, ga baki, ga saurin fushi. Da na gama sakandare na samu gurbi a kwaleji, amma babana takalma yake ɗinkawa, ba shi da halin biya. Na nemi tallafin karatu, aka ce in kawo shaidar asalin garinmu. Na yi tattaki har garin kakana, na tarar ba wanda ya san ko sunan gidanmu. Kafin in dawo an rufe karɓa. Abin ya ci mini rai, kuma gaskiya ne na yi asara ba da laifina ba. Sai dai ku lura, da wannan gaskiyar na yi ta wanke ƙaryata shekara da shekaru.

Na kama aiki a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Mai shagon ya fi zama a Yola, ya sakar mini komai. Aikina cika wa mutane fom: na jarrabawa, na neman makaranta, na tallafin karatu. Ga yadda ake yi. Yaran da ke zuwa daga Duvu da Mugulbu da Muchalla yawancinsu ba su da waya, wanda ke da ita ma sai ya hau tudu kafin ya samu sabis. Don haka lambar mai shago ake sawa a fom, shi ke riƙe lambar sirri, in saƙo ya zo shi zai sanar. Kowa ya san haka ake yi, kuma ba aibu a ciki in mai shagon ɗan halak ne.

Da ƙananan abubuwa na fara. In ce sabis ya yi tsada, in ƙara wani abu. In ce fom bai shiga ba, sai an sake. In je teburin mai shayi in ba da labari, abokai su kwashe da dariya, su ce, "Kai, gayen nan ɗan gari ne." Ko mutum ɗaya a cikinsu bai taɓa ce mini in ji tsoron Allah ba. Shayin da na saya musu kawai suke kurɓa. Yau in sun hango ni sai su canza hanya, wai su mutanen kirki.

Ana nan wata gidauniya mai zaman kanta ta buɗe tallafi ga 'ya'yan manoma: za ta biya kuɗin makaranta, ta ba da na abinci. A lokacin ne wani dattijo daga Duvu, Baba Ishaya, ya shigo shagon da 'yarsa Hannatu. Ƙafarsa duk laka, domin ruwa ya cika mayo, wato kogin da ke hanyarsu, sun tako da ƙafa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga ɗakin ibada. Hannatu ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matsayi. Takardunta na cikin leda, ta rungume su a ƙirji.

"Ɗana," in ji Baba da irin Hausarsa, "yarinya na ya ci jarrabawa. Mu ba mu san wannan abu ba. Kai ne ido namu a gari."

Na tambaye su lambar waya. Ya ce, "Sa naka. In saƙo ya zo, ka gaya mini ran kasuwa."

Na sa tawa. Wallahi a ranar ban yi niyyar komai ba. Na cika mata fom da kyau, har na gyara mata bayanin da ta rubuta a kan abin da ya sa take son aikin jinya. Ta ce, "Na gode, Yaya." Tun daga ranar Yaya take kirana.

Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayata: an zaɓi Hannatu. Abin da ya rage a turo asusun da za a zuba kuɗin, da shaidar ta yi rajista. Na zauna ina kallon saƙon, zuciyata tana tafasa. Ni da aka haifa a garin nan, na fi ta maki, an hana ni. Ita daga bayan dutse an ba ta. Haka na gaya wa kaina. Ban tsaya na tambayi kaina me Hannatu ta yi mini ba. Duk bayananta suna hannuna, hotonta ma yana hannuna. Na buɗe asusu da sunanta a kan layina, na ƙirƙiri shaidar rajista, na tura. Kuɗi suka shigo.

Ran kasuwa Baba Ishaya ya zo da ƙullin gyaɗa a ɗankwalin matarsa. Ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Ɗana, saƙo ya zo?"

Na ce, "Bai zo ba tukuna, Baba."

Ya ce, "To, Allah yana nan." Ya tafi. Ni kuwa na kwance ƙullin na ci gyaɗar. Ina so ku ji wannan da kyau: na ci, kuma ta yi mini daɗi.

Haka muka yi ta yi. Duk ran kasuwa sai ya zo, wani lokaci da rake, wani lokaci da zuma a kwalba, tambayar ɗaya, amsar ɗaya. Na sayi babur, na ɗinka shadda, na canza waya. Da na ga ba abin da ya faru, na yi wa wasu yaran ma haka. Amma su ba sa dawowa. In an ce musu bai zo ba sau ɗaya, sai su haƙura. Baba ne kaɗai bai gaji ba, har na fara jin haushinsa. Tsoho yana tako tudu da gangare don ya kawo wa ɓarawonsa tsaraba, ni kuma ina tsaki wai ya dame ni.

Mafi munin abin da na yi ba satar ba ce. Wata rana Hannatu ta zo da kanta, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, an kusa rufe rajista a makaranta. Ka duba mini ko sau ɗaya." Na juya mata kwamfutar, na danna nan na danna can, na ce babu. Sannan na zaunar da ita na ba ta labarina, yadda aka hana ni tallafi, yadda na je garin kakana aka yi mini kallon baƙo. Na ce, "Kin san ƙasar nan, sai wanda ya san wani." Yarinyar nan ta share hawayenta ta ce, "Ayya, Yaya, ka yi haƙuri. Ashe kai ma an cuce ka." Ita ta ba ni haƙuri, alhali kuɗin karatunta na cikin aljihun rigar da nake sanye da ita. Aka rufe rajista, gurbinta ya tafi ga wata.

Abin da ban sani ba, gidauniyar tana da al'ada. Ƙarshen shekara sukan je gidajen waɗanda suka tallafa wa, su gaida iyaye, su ɗauki hoto. Suka shiga Duvu da mota suna neman gidan ɗalibar aikin jinya. Suka tarar da ɗalibar tasu a gona tana cirar gyaɗa. Mai gari ya tara mutane, aka yi ta tambaya, aka zo kan wanda ya cika fom. An gaya mini Baba Ishaya ya miƙe a gaban jama'a ya ce kada wanda ya taɓa sunana, yaron nan ɗansa ne.

Washegari ya riga kowa zuwa shagon, ko ran kasuwa bai jira ba. Numfashinsa sama-sama. Ya ce, "Ɗana, wani mugu ya cuce mu, ni da kai. Suna so su sa maka laifi. Ka duba cikin injin naka, ka nemo mana shi."

Yana tsaye a wurin 'yan sanda suka shigo tare da mutanen gidauniya. Ɗaya ya kira lambar da ke kan asusun. Wayar ta yi ƙara a aljihuna. Baba ya juyo. Ya dube ni, ya dubi aljihun, ya fita, ya manta takalminsa a bakin ƙofa.

Kotu ba ta ɓata lokaci ba, aka kai ni gidan yari. Ba zan cika ku da labarin kwarkwata da tuwon da ba ya ƙoshi ba, ku ɗauka duk abin da kuka ji gaskiya ne. 'Yan ɗakinmu suka sa mini suna Ɓarawon Biro. Da farko da kowa nake fushi: da wanda ya hana ni shaidar asali, da gidauniya da shegen yawonta na ɗaukar hoto, da abokan shayi da ko ruwa ba su aiko mini ba. Na daɗe kafin fushin ya gane gidansu ya dawo kaina. Mahaifiyata ce ta kawo shi. Ta zo ziyara, ta ƙi zama, ta ce, "Ubanka takalman mutane ya gyara har ya tsufa, bai taɓa riƙe ko igiyar wani ba. An hana ka karatu, sai ka je ka hana 'yar wanda bai hana ka ba?"

Da aka sake ni na ce sai na je Duvu neman gafara. Na hau acaɓa zuwa inda hanya ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa, a hanyar da tsohon nan ya yi ta takowa saboda ni. Hannatu na tarar a tsakar gida tana wanki. Ta gane ni, ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, lafiya?" Babu sauran Yaya.

Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta bar ni na gama, sannan ta gaya mini. Gidauniyar ta yi adalci, ta ce Hannatu ta sake neman makaranta, za a biya. Amma bayan shari'a ba da daɗewa ba Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, hankalinsa ma ya taɓu. Mahaifiyarta ba ƙarfi, ƙannenta ƙanana. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke noma. Waɗanda suka samu gurbi tare da ita yanzu suna asibiti da fararen kaya. "Aikin jinyar dai na samu," in ji ta, "ba takarda. Tashi ka gan shi."

Yana kwance a kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame kamar kara. Na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sai fuskarsa ta washe. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Ɗana. Saƙo ya zo?"

Na dubi Hannatu. Ta ce, "Ka ba shi amsa. Kai ya tambaya."

Na ce, "Ya zo, Baba. Tun tuni ya zo. Ni na cinye."

Bai ji na ƙarshen ba, ko ya ji bai gane ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ya zo. Hannatu, ɗebo wa ɗana gyaɗa." Ta shiga ɗaki ta ɗebo, ta ƙulle a leda, ta ajiye a ƙasa a gabana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Shi ya ce a ba ka. Gafara kuma, wanda zai yafe maka ya manta laifin. Ni ban manta ba."

Yanzu ina zaune a rumfar babana ina ɗinka takalma, na tuba, ina roƙon Allah, kuma ba na sa ran kowa ya tafa mini. Ku masu neman tallafin karatu, ku sa lambarku ko ta ɗan gidanku, ku riƙe lambar sirrinku, ku tsaya a gaban kwamfutar ku gani da idonku, in an ce bai zo ba ku je ku tambayi masu bayarwa. Ku kuma masu zama bayan kwamfuta, da ku nake. In an cuce ka, an cuce ka, amma ba wanda ya ba ka izinin ramawa a kan marar laifi. Kada ku kira shi wayo, sata ce, kuma ba kuɗi ake sacewa ba. Ni na fito daga gidan yari, na gama nawa. Hannatu tana Duvu tana wanke tsumman mahaifinta, ba ranar da alƙali ya sa mata ta fita.